Malam Nasiru da Turken Gonar Babana

Da safen nan ina shara a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Wata 'yar ajinmu ce, ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba. Ta ce, "Rabi, Malam Nasiru ya rasu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da tsintsiyar a hannuna na zauna a bakin rijiya. Kafin in gama tattara hankalina har an yi masa sutura a Kano. Tun ɗazu nake rubutu ina gogewa, amma dole in faɗa muku wane ne mutumin nan.

Malam Nasiru malaminmu ne a makarantar koyon zane da ƙira da na yi a Kano. Shi ke riƙe da darasin aikin al'umma, wanda ake kwasar ɗalibai a kai su ƙauye su yi wani abu mai amfani. Mu dai firojet muke ce masa, kuma yawancinmu maki muke nema.

Siriri ne, mai yawan dariya. Ban taɓa ganin rigarsa wadda babu ɗigon fenti a hannunta ba, har ta Juma'a. Muna tsokanarsa cewa in ya ɓata a kasuwa da launi za mu neme shi.

Ranar da na fara shiga ajinsa na ɓuya a can baya, ina jin kunyar Hausata ta ƙauye a cikin 'yan birni. Ya tambaye ni garinmu, na ce Ba'awa, ta ƙasar Kiru. Ya ce, "To Ta Ba'awa, dawo gaba. Ke kika san inda za mu je, su ba su sani ba." Daga ranar sunan ya bi ni.

Ni na ba shi labarin burtalinmu, wato hanyar da shanu ke bi ta tsakanin gonaki. Duk kaka sai an yi rigima a kanta. Manoma su ɗan ci gefe da garma, makiyaya su ce hanya ta matse, shanu su faɗa dawa. An sha kafa alamar iyaka, ana wayar gari a ga an tuge, kuma kowa ya rantse ba shi ba ne.

Mafi muni a kusurwar gonar Babana aka yi. Shanun rugar Ardo Juli, shugaban Fulanin da ke maƙwabtaka da mu, suka shiga dawarmu tana gab da yanka. Aka fasa wa yayana kai da sanda, har yau tabon na nan. Samarinmu kuma suka sari saniyar Ardo mai ciki, ba ta tashi ba. Baba da Ardo, waɗanda tare suka yi ƙuruciya, suka daina ko gaisawa. In sun haɗu a kasuwar Kiru kowa sai ya ga wani abin kallo a ɗaya gefen.

Da Malam ya kawo mu a bas, mun zo da burushi da zane-zanenmu masu kyau, har da mai hoton saniya tana murmushi. Ya sa muka bar komai a mota. Ranar ba abin da muka yi sai gaishe-gaishe, daga gidan mai gari zuwa na liman zuwa ruga. Ya ci tuwo a gidanmu ya cika ciki, aka je ruga aka kawo fura da nono, ya shanye ƙwarya guda don kada wani ya ce an fifita wani. A hanyar komawa yana riƙe da ciki yana cewa, "Ku shaida, yau na yi wa zaman lafiya hidima."

Abin da ya fito da shi daga baya ya ba mu haushi, don babu zane a ciki ko kaɗan. Turakun siminti ne kawai a jere a bakin burtali. A kowane turke, mai gonar wurin zai tsoma tafin hannunsa a fenti ya manna a gefe guda, makiyayin da ke bin wurin ya manna nasa a ɗaya gefen.

Muka ce to a yi wa manoma ja, makiyaya shuɗi. Ya ce a'a, shuɗi za a yi wa kowa. "Baƙo in ya zo kada ya gane na wane ne. Mai hannun kaɗai ya isa ya sani."

Wani ɗan ajinmu ya ce, "Malam, mu ina namu aikin? Me za mu nuna a makaranta?" Malam ya ce, "Ka dama fenti da kyau."

Wallahi abin ya yi aiki. Mutum ba ya iya zuwa ya tuge turken da hannunsa ke kai, 'ya'yansa ma ba sa bari a taɓa. Tsofaffi har jikoki suke kaiwa su nuna musu.

Turke ɗaya ne ya rage, na kusurwar gonarmu. Ardo Juli ya zo ya manna nasa, ana gane shi da ɗan ƙaramin yatsansa da ya karkace. Baba ya ce shi hannunsa ba zai zauna kusa da na wanda ya zubar da jinin ɗansa ba. Gefen nan ya zauna fari fat, kuma kowa ya san ma'anarsa. Samarin ɓangarorin biyu suna cewa ai nan wurin ba a yi sulhu ba. Duk shekara in dawa ta fara ja, shanu suka fara gangarowa daga wajen Doguwa, Innarmu ba ta iya cin abinci sai ta ga yayana ya dawo gida.

Mun gama makaranta, an ba mu makinmu, kowa ya kama gabansa. Malam bai daina zuwa ba.

Zuwansa na ƙarshe ƙarshen daminar nan ne. Ya sauka daga acaɓa a ƙofar gidanmu, na ga ya rame har rigar ta yi masa yawa. Na tambaye shi, ya ce ai gayu ne. Ya zauna da Baba a gindin ɗorawa suna ta hirar taki da tsutsar masara da ciwon gwiwa. Ina daga zaure ina jira ya ɗauko zancen turke. Har ya yi sallama bai ɗauko ba.

Da na raka shi bakin hanya na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, kaka ta matso. Hannun kawuna kamar na Baba yake. In sa shi ya manna mana a huta."

Ya tsaya ya kalle ni, ya yi 'yar dariyar nan tasa. Ya ce, "Ta Ba'awa, gari za ki ruɗa, amma shi ya san ba nasa ba ne. Tsohon nan ba taurin kai ke damunsa ba, ciwo ne. Ki bar masa wurinsa, zai same shi."

Na ce, "In kuma bai zo ba fa?"

Ya ce, "Sai mu ci gaba da gaishe shi."

Ya hau acaɓa ya ɗaga mini hannu. Ashe shi ke nan.

Yau da na faɗa wa Baba rasuwar, sai ya yi salati. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Masu tallar nono kuma suka kai labari ruga.

Bayan azahar muka ji sallama a ƙofar gida. Muryar da aka yi shekaru ba a ji ta a nan ba. Ardo Juli ne, shi kaɗai, ya jingine sandarsa can nesa da zaure. Na leƙa daga ciki.

Baba ya fito, suka tsaya suna kallon juna. Ardo ya ce, "Malam Audu, ba rigima ta kawo ni ba. Na ji malamin 'yarka ya rasu. Ban san gidansu a birni ba, nan ne kawai na san zan kai gaisuwa."

Na zaci Baba zai juya masa baya. Sai ya koma ciki ya ɗauko buzunsa na salla, ba tabarmar baƙi ba, ya shimfiɗa masa. Suka yi wa Malam addu'a tare. Da suka shafa, na ji Baba ya ce, "Mutumin nan ya yi ta zuwa gidana, ko sau ɗaya bai ce in manna hannu ba. Ni kuwa na bar shi ya tafi bai gani ba." Ban taɓa jin Babana haka ba.

Ya ɗaga murya ya ce, "Rabi, akwai sauran shuɗin nan?"

Na bi su a baya da gwangwanin fenti har kusurwar gona, dawa ta sunkuya ta ko'ina. Baba ya tsoma hannunsa, ya manna, ya daɗe bai ɗauke ba.

Fentin mai ne, ruwa ba ya fitar da shi, ga la'asar ta kusa. A da Malam ne ke durƙusawa da kansa da tsumma da kananzir yana goge wa tsofaffi hannu don su samu yin alwala. Na miƙa hannu zan ɗauki tsumman, Ardo ya riga ni. Ya kama hannun Baba yana gogewa yatsa bayan yatsa, Baba ya kau da kai yana kallon dawa, hawaye na bin gemunsa.

Malam, ya zo. Ya same shi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Nasiru, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata mana hanya. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ya kuma haɗa da tsofaffin nan biyu, Allah ya sa mu ga ƙarshen kakar bana lafiya. Amin.