Gonar da Ummaru yake mayarwa duk shekara

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Ummaru a Shagari. Da ƙanwarmu ba ta kira ta tuna mini ba, da ranar ta wuce ina bakin aiki a Bodinga ban sani ba. Na ce Allah Ya jiƙansa, ta ce amin, kowa ya kashe wayarsa. Ban ji komai ba. Na daɗe ba na jin komai game da shi, kamar ƙafar da aka jima ana zaune a kanta.

Ummaru dillalin albasa ne. Duk wanda ya san shi a kasuwa zai shaide ni, ba shi da zaƙin baki irin na dillalai, magana ma sai an matsa masa. Amma in ya shiga ciniki, da wuya a tashi ba a sallama ba. In baƙo ya zo daga Kudu da motarsa, sai Ummaru ya zazzage buhu a ƙasa, ya tsince waɗanda suka fara ruɓa, ya jera su gaban mutumin tun ba a fara maganar farashi ba. Masu kaya su yi ta harararsa. Shi kuwa baƙon, da ya ga an nuna masa aibin da bai tambaya ba, sai ya bar binciken sauran buhunan. Mu ƙannensa mukan tsokane shi, mu ce shi kaɗai ne dillalin da ke kushe hajarsa a kuma saya.

Haka yake in abu ya zo ga roƙo. Mai neman aron shanun huɗa, da wanda ke son maƙwabci ya bar masa hanyar ruwa, duk wurinsa suke kamun ƙafa. Bai taɓa roƙon mutum a gaban 'ya'yansa ba, ko a cikin taro inda kunya za ta hana shi ƙi. Yakan ce wanda ya roƙe ka a inda ba ka iya cewa a'a, ƙwace ya yi maka, sallama kawai ya ƙara a kai.

Akwai wata fadama a Mandera da wani dattijo, Baba Labbo, ya ara masa tun yana saurayi. Ita ce ta ciyar da gidansa fiye da dillancin. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, duk shekara, in ya kwashe albasarsa gona ta zama wayam, kafin ya zuba taki ko ya yi dashe, sai ya tafi Mandera ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya durƙusa.

"Baba, ga gonakka na maido. Na gode."

"Tahi ka noma, Ummaru. Allah shi ba da sa'a."

Shi ke nan maganar. Su sha fura, su yi hirar ruwan bana, ya dawo. Mutane da yawa da ke noman aro sukan yi dashe tukuna, sannan su je gaisuwa, don sun san ba mai tumɓuke shuka. Ummaru ya ƙi wannan dabarar. Sai gonar ba komai a cikinta yake zuwa, yadda in tsohon yana son abarsa, ba abin da zai ɗaure masa hannu. Na taɓa ce masa wata rana za a karɓe a bar shi da baki buɗe. Ya ce ai mai abu da abinsa.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, cikin 'yan kwanaki. Ya bar matarsa Kulu da yara, manyan biyu suka ci gaba da noman fadamar. Da ita ake ci a gidan, da ita ake karatu. Ni na gaji al'adar zuwa Mandera. Duk shekara nakan je in faɗi kalmominsa yadda na haddace su, Baba Labbo ya ba ni amsar da ya saba, har ma yakan manta ya kira ni Ummaru. Ban taɓa gyara masa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ake roƙo yanzu. Mutum yana kwance a kan katifa zai turo maka saƙon murya, ba ina kwana, ba yaya iyali, sai buƙata. Dillalan yau hoton albasa suke turawa, mai kyaun a sama. Ina jin ba zai zage su ba, don ba halinsa ba ne. Zai dai ɗauki takalminsa ya tafi da ƙafarsa, tunda zuwa da kai ya fi saƙo.

Bara Baba Labbo ya rasu, fadamar ta faɗa rabon ɗansa Sahabi. Da lokacin zuwa ya yi bana, Kulu ta aiko a kira ni. Tsakanina da ita da can wasa ne na matar wa da ƙanen miji, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, amma tun rasuwar ba wanda ya sake ɗaga wasan. Ta ce ta ji Sahabi ya sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ta roƙe ni in bari yaran su yi dashe tukuna, in ya kama sai in je, don ko mai taurin zuciya ba zai tumɓuke shukar marayu ba. Na ce mata Ummaru ba ya haka. Ta dube ni, ta koma kan aikinta.

Na je Mandera gona wayam. Na tuɓe takalmi, na durƙusa wa wanda na girma, na ce ga gona na maido. Sahabi ya san al'adar sarai, yana yaro ake yin ta a gabansa. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma iyalinsa sun yi yawa.

"Baba shi kan ce ku ci gaba, na sani. Ni dai bana ina so in noma abina. Ku yahe mani."

Na ce ba komai, Allah Ya sa albarka, na yi masa godiyar shekarun da aka ci. An kawo fura na sha. A hanyar dawowa na tsaya aka sa wa babur iska, har na yi cinikin rake. Ban ji haushinsa ba, ban ji haushin kaina ba.

Tun ranar nake auna abin da ya rage na Ummaru. Sunansa na nan. Har yau in 'ya'yansa sun kai kaya kasuwa, akwai masu saye da ba sa buɗe buhu. A Mandera ba wanda zai ce gidanmu ya taɓa riƙe abin wani da dabara. Amma na gane ni kalmominsa na gada, ban gaji abin da ke bayansu ba. Shi duk shekara da gaske yake mayar da gonar, a shirye yake ya rasa ta, don ya san yadda zai tashi ya nemi wata. Ni kuwa da abincin marayu na yi wannan karamci, kuma ko ranar da na yi shi na koma gidana na tarar da tuwo.

Da na isa Shagari na sami Kulu tana tsince shinkafa a faifai.

"Mi yac ce?"

"Ya amshe."

Hannunta bai tsaya ba. Ta jefar da tsakuwa ɗaya, ta jefar da wata, sannan ta tambaye ni ko da wana ne haka zai yi. Na ce haka zai yi.

"To, shi in anka amshe, ya san ƙofad da za shi bi shi samo muna wata. Kai wace ka sani?"

Na tsaya da takalmina a hannu. Ban san ko ɗaya ba.