Tukunyar da Gwaggo Kulu Ta Kife Bayan Ɗaki

"Gwaggo, waccan tukunyar da kika kife bayan ɗaki ta wa ce? Mi ya sa ba ki saida ta?"

Ɗiyata Mairama ce ta yi tambayar, ranar da muka je ɗaukar randa gidan Gwaggo Kulu maginiya a Fakuwa. Na kai hannu zan toshe mata baki, tsohuwar ta yi dariya.

"Ƙyale ta, Kubura. Tawa ce, 'yar nan. Da ita za a rufe kabarina. Ke dai kar ki hau ta, ba jaki ba ce."

Tun rana ba ta yi zafi ba Gwaggo Kulu take sauka ramin yumɓu na bakin fadama, ta ɗanɗana ƙasar da harshe kafin ta haƙa. Ta jiƙa, ta tattaka, sannan ta zauna gaban turmi. Duk tulun da ya fashe a garin nan gidanta yake komawa. Sai ta dake tsingaron ya zama gari, ta cuɗa cikin sabon yumɓu, domin in ji ta, in babu tsohon a ciki, sabon ba ya jure wuta. Randar da 'ya'yana ke sha yau, akwai tulun kakata a jikinta.

Ranar gashi kuwa sai wanda ya gani. Ta jera tukwane, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanun da matan Fulani ke kawo mata. Su shiga toka-toka, su fito jajur. Ta yayyafa wa wasu ruwan bagaruwa suna tsuwwa, nan take su koma baƙi mai sheƙi. Ta ƙwanƙwasa da yatsa, ka ji amo kamar ƙarfe. Ƙasar da muke takawa ce fa! Ikon Allah.

Ke ce, Gwaggo, kika gina tukunyar da aka dafa mana ruwan jego, mu da iyayenmu. Shekarar sanƙarau, da mutuwa ta yi yawa har itacen rufin kabari ya yi wuya, Malam Sodangi mai haƙa kabari ya shaida cewa tukwanen da kika shirya kaiwa kasuwar Kankia duk maƙabarta suka nufa. Da suka ƙare aka kawo gawar wani jinjiri, kika zagaya bayan ɗaki kika ɗauko wadda kika aje wa kabarinki. Wadda Mairama ta gani daga baya kika gina ta.

Yanzu idon Gwaggo Kulu ya yi rauni, Jaji ɗiyar ƙanenta ke koyo a gabanta. Amma tun da kantin Turawa ya buɗe baki yana haɗiyar gyaɗa, gonakin gyaɗa suka matso har bakin ramin yumɓun, bana kuma wani ya ja shingen ƙaya ya toshe hanyar. Na ga tsohuwar nan ta dawo da kwando a kai, ƙafarta na jini.

"Gwaggo, ki kai ƙara wurin mai gari mana."

"Kayya, Kubura. Ni na gama tawa. Taku nike ji."

Mun gode, Gwaggo Kulu, Allah ya saka miki da Aljanna. Mata, ku riƙa kai mata tsingaro, ku tura 'ya'yanku su zauna kusa da Jaji.

Kai kuma mai shinge, da duk wanda ya gani ya yi shiru, ku buɗe hanyar nan tun kafin damina. Tasar kanti ba ta sanyaya wa yaro mai zazzaɓi ruwa, ba a kuma rufe mamaci da ita. Ranar da aka ɗauko gawar ɗayanku, tukunya guda ce ta rage bayan ɗakin, kuma wannan karon mu mata ba za mu bari ta bayar ba.