Iskar Ramin Bukkuyum

Wannan abu ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi ba. Shekarun baya ina gyaran injuna a dajin Bukkuyum, wajen masu haƙar zinari. Ban yi boko ba, amma na san moton inji da mitar auna wuta.

Wata ranar Talata bayan azahar wani Alhaji mai rami ya aiko a kira ni. Injin da ke hura wa mahaƙa iska ta tiyo yana jan wuta fiye da ƙima, kowane minti goma sai ya katse kansa, ga mutum shida a ƙasa, cikinsu har da Bello mijin ƙanwata. In moton ya ƙone suna can, kafin a jawo su da igiya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya shaƙe.

Na duba bel, na duba beyarin, na auna wutar janareto, na buɗe fankar na share. Komai lafiya. Moton da ya kamata ya ci wuta sha biyu a mita yana cin ashirin. To ku sani, irin wannan inji in ka toshe bakinsa wuta sauka take, sai iska na fita da yawa yake wahala. Na bi tiyon da hannu, babu huji. Na naɗe shi na matse, allurar mita ta sauka. Na saki, ta hau.

Alhaji ya ce in ɗaure abin da ke katse wutar injin da waya, aiki ya ci gaba. Na ce a fito da mutane tukuna. Ya zage ni, amma aka fito da su. Bello ne na ƙarshe, yana haki, ya ce iskar ba ta isa gare su, wata tsaga a bango ke janye ta.

Ramin ba kowa, na tada inji. Allura ta hau ashirin, ta sauko sha huɗu, ta tsaya kaɗan, ta sake hawa. Haka, a hankali, ba kuskure. Na daɗe ina kallo kafin na lura ƙirjina yana bin ta.

Wani tsoho mai wankin ƙasa ya ce bayan bangon nan mai tsaga akwai wani tsohon rami, ya rufta da mutum uku damina biyu da suka wuce, ba a tono su ba.

Bello ya ce, "Yaya, kashe shi mu tafi."

Na kashe. Tiyon ya shafe, ya manne kamar ana zuƙa daga ƙasa, sau biyu, sannan ya saki.

Ban san mene ne ba, ban kuma koma ba. Bello yana nan, noma yake. Shawarata, kada ku taɓa ɗaure abin katsewa da waya. In kuma kuka ga allura tana numfashi, ku bar wani ya kashe injin. Ni na kashe, har yau ina tambayar kaina iskar wa na yanke.