Eriyar da Inna ta juya gabas

Yayana ya tafi aikin hajji zamanin da kuɗin fetur ya yi wa ƙasar nan yawa, lokacin da ko tela yana iya biyan kujerar Makka. Alhazai suka dawo babu shi. Sau biyu ya aiko kaset yana cewa ya sami aikin shara a masallacin Harami, daga nan shiru. Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda a yi maganarsa kamar ta mamaci ba.

Shekaru suka ja, soja na karɓar mulki daga hannun soja, har na girma na kama aiki a sakatariya. Sai wani ɗan kasuwa a unguwarmu ta Runjin Sambo ya kafa dish, farantin nan na satalayit mai faɗin rumfa. Matarsa ce ta jawo mana, ta gaya wa Inna ana nuna sallar magariba daga Makka kai tsaye, har masu shara ana gani. Magaribar can la'asar sakaliya ce a nan. Kullum Inna ta idar da la'asar sai ta ja mayafi ta nufi gidan, ta zauna dab da gilashin talabijin tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Da gwiwoyinta suka ƙi, na yi mata alkawarin zan kawo mata Makka har ɗaki.

Na yi ta tambaya a gari. Dish sai an zuba masa gindin siminti a tsakar gida, wato sai an sare darbejiyar da Inna ke shan inuwa, kuma iskar farkon damina takan karkatar da shi. Amma tashar da ka kamo taka ce, ba mai canja maka. Kebul kuwa dogon bututun ƙarfe ne da 'yar eriya kamar ragar gasa nama. Ana fuskantar da ita ofishin masu kebul, su su kamo daga sama su rarraba wa gari abin da suka ga dama. Na tambayi mai sayarwa ko akwai Makka, ya ce akwai. Ban tambaye shi da ƙarfe nawa ba, don ba na son jin amsar. A kebul akwai ƙwallon Turai, akwai labaran waje da gidan talabijin na gwamnati ba ya faɗa, su ne a raina. Na ce wa Inna don darbejiyarta na zaɓe shi, har ta sa mini albarka.

Makka tana zuwa, amma da hantsi, wani malami a kan kujera yana bayani da Larabci. La'asar na yi sai su ɗauke ta su sa fim ɗin Indiya. Inna ta yi haƙuri kwana biyu, sannan ta fito tsakar gida ta ɗaga kai.

"Wanga ƙarhe naka, ina yad dosa?"

Na ce yamma, can ofishinsu yake.

"Yamma? To ƙaƙa za shi ga Makka, ya ba ta baya?"

Na yi dariya na shiga yi mata bayani. Ba ta saurara ba.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar ta sa maƙwabcinmu kafinta ya hau ya juya eriyar daidai alƙibla, da masallacin unguwa suka gwada. Gilashin babu komai sai farin ɗigo-ɗigo yana tafasa. Tana zaune a gabansa da tasbaha. Na miƙa hannu zan kashe.

"Kak ka taɓa. Ga su nan da harami. Nisa na yas sa ba su hita sosai."

Kwana uku na bar mata shi haka, ran na huɗu akwai wasan ƙwallo, na hau na mayar da eriyar yamma. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma har yau wannan shirun yana ci mini rai.

Sai da shekara ta zagayo da watanni kafin na iya kafa dish. Aka sare darbejiya. Ranar da aka gama, da la'asar sakaliya, ga Ka'aba tas, ga masu shara sun jeru da tsintsiyoyinsu masu dogon hannu. Amma kafin nan yanar ido ta riga ta rufe idanun Inna, haske kawai take bambancewa da duhu. Na zaunar da ita a gaba. Ta ji muryar liman, ta lalubo hannuna.

"Kai duba mani. Duba cikin masu shara."

Ina ɗan shekara shida yayana ya tafi, hotonsa ɗaya tak kuma yana jikin fasfo ɗin da ya tafi da shi. Na zuba ido a kan baƙaƙen fuskoki, kowanne zai iya zama shi. Na ce ban gan shi ba tukuna.

"Duba dai da kyau," in ji ta. "Ai ka san shi."

Na ce e, na san shi.