Matar da Ta Ƙwace Mini Uwa

Kafin sauran ma'aikata su gama gaisawa, ita, ma'aikaciyar gashin ƙashi ta asibitinmu, ta shimfiɗa katifun ɗakin motsa jiki, ta zuba ƙwallayen matsawa a kwano, ta rataya abin awon jini a wuya. Kowa ya shigo sai ta auna shi, har ɗan rakiya. Masu shanyewar ɓarin jiki suna ce mata Ƙara-Ɗaya, don kunnenta ba ya jin "na gaji". Wani tela da aka kawo ranga-ranga ya rantse mini ita ta mayar da shi kan kekensa. Watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa ba zan ɓoye ba, kishinta nake yi.

Ina da tsohon ciki Mama ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce abinci a baki. Amma in na ce, "Mama, ɗaga hannun," sai ta juya mini ƙeya. Wannan baiwar Allah kuwa da ta ce, "Tsohuwa, yau ma lalacin ne?" sai rabin bakin nan ya washe, hannu ya kama rawa yana tashi. Ta taɓa fizge cokali a hannuna. "Ƙanwata, ciwo ya ci hannu ɗaya, ke kuma za ki cinye ɗayan?"

Da na haihu, ban yarda Mama ta ɗauki yaron ba. In nuna mata shi, in janye. Ta daina miƙo hannu, daga baya motsa jikin ma ta daina.

Ƙara-Ɗaya, ke kika gane. Kika zaunar da ita a katifa, kika tokare gwiwar hannun da matashi, kika ce in kawo shi.

"Anti, in ya faɗi fa?"

"Ya faɗa ina? A ƙasa muke zaune."

Na miƙa shi. Yatsun da suka dunƙule suka buɗe a hankali, suka dafa bayansa. Ina tsugune na tara hannuwa a ƙasa, Mama ta dube ni, da harshenta mai nauyi ta ce, "Matsa. Kin tare mana iska."

Ke ce kika yarda da hannun da ni 'yar cikinta na fid da rai da shi. Abin da ke ci mini rai ke nan, shi ne kuma abin godiyata. Allah ya saka miki, mai tayar da na kwance, ya sa ki huta lafiya.

Masu jinya, ku yi koyi da ita. Ku auna jininku tun kuna tsaye, kuma kada tausayi ya sa ku zama hannun wanda nasa ke neman tashi.

Ni dai har yau, in Mama ta ce "'yata", sai na waiwaya in ga da wa take.