Akuyar Magdalena a Littafin Taufiq

A Angwan Iya, in ana neman wanda ya taɓa kayar da Magdalena a faɗan baki, suna ɗaya ake kira a yi shiru: Mijinyawa mahauci. Shi ma wuƙarsa ce ta yi masa aikin, kuma tana cikin kube ta yi.

Shekarar da aka kawo ta Keffi ne daga Agwada, tana amarya, ba ta san kan gari ba. Kirsimeti ta zo, mijinta Siman, malamin firamare, ya ce a kira Mijinyawa ya yanka akuya, don maƙwabta Musulmi su iya ci. Mijinyawa ya zo ya dubi akuya, ya ce wuya da fata nasa ne, haka aka saba.

"Wuya da fata? Kai ka haife ta?" in ji Magdalena. "Ni na ba ta dusa, ni ta cinye wa zane a kan igiya!"

"To amarya, ai ba faɗa." Ya mayar da wuƙa kube. "Yanka abarki, ki cinye ke da maigidanki. Allah ya ba da lafiyar ciki."

Ya juya abinsa. Sai ga Magdalena a guje da ludayi a hannu, tana kiran "Baba Mijinyawa, tsaya mana!" ga saurayin da ko gemu bai tara ba. Ranar ya tafi da wuya, ya tafi da fata, har da goron ban haƙuri.

Daga nan abin ya zame mata jiki. Siman ya rasu, ɗanta Godwin ya koma Abuja, ita kuma ta zauna da tandar masarta a bakin shuɗiyar ƙofarta, tana ba ɗalibai hayar ɗakunan baya. Amma ko shekara ta yi daɗi ko ta yi ɗaci, ranar Kirsimeti Mijinyawa zai yanka, shinkafa da miya su fita gida-gida. Kwanon farko, mai hanta, na Hajiya Huraira ne, wadda katanga kawai ta raba su. Da Babbar Sallah kuwa naman da ke shigo mata sai ta rasa inda za ta shanya. Magdalena ba ta da bene, ba ta da mota. Abin da take da shi ɗaya ne: a duk unguwar ba a taɓa tambayar ta wa ya yanka ba.

Cikin 'yan hayan nan akwai wani Taufiq, siriri kamar tsinken tsire, wanda hutu kan zo bai tafi gida ba. Kunne gare shi kamar zomo. Yana zaune kusa da tanda, ana hira yana dariya, hannu na cikin masa. Magdalena kan ce, "Ci, ɗana, kada iska ta kai ka Akwanga."

A shekararsa ta ƙarshe akuyar Kirsimeti ta haɗiye leda, aka wayi gari jajibere tana kwance ƙafafu a sama. Magdalena ta yi kukanta ta share. Ta miƙa wa Taufiq fartanya, shi ya haƙa ramin a bayan gida, shi ya ja ta ya binne. A wannan shekarar, da busasshen kifi shinkafa ta fita, ita da kanta ta bi gida-gida tana ba da haƙuri.

Kwanci-tashi Taufiq ya zama marubuci, irin wanda ake rububin littafinsa. Na ban dariya yake rubutawa, a karanta a waya, waɗanda idonsu ya gaji su saurara ana karanta musu. Magdalena kuwa ta ishi masu sayen masa da fariya. "Ɗana ne. Da masar nan aka gina ƙwaƙwalwar, ku ma ku dage."

To, bara da Disamba ya fito da sabo, na hutun Kirsimeti. Vera, ƙawarta a zumuntar mata ta coci, ita ta kunna mata a waya suna tsintar shinkafa, tana ta ƙunshe dariya. Labarin wata Mama Marta ne, mai masa, mai wushirya, mai shuɗiyar ƙofa, 'yar Agwada. Magdalena ta gyara zama, har tana taɓa wushiryarta da harshe don jin daɗi. Akuyar Mama Marta ta haɗiye leda ta mutu. Magdalena ta ce, "Ai kuwa an yi haka!" Sai Mama Marta ta ja mushen bayan ɗaki, ta yanka wuyansa, ta ce wa kowa mahauci ya zo da sassafe ya tafi. Babi guda cur aka yi maƙwabta na lasar yatsa suna cewa ba su taɓa cin nama mai taushi irin na bana ba.

Magdalena ta ajiye faranti. "Kashe abin nan, Vera."

"Haba Maman Godwin, ai wasa ne."

"Na ce ki kashe."

Gari kuwa ya rabu. Ɗalibai suka ce littafin shekara ke nan, wata ma ta rantse sai da ta faɗo daga kan gado. Malam Sha'aibu, tsohon ma'aikacin gwamnati da ba ya barin littafi ya wuce shi, ya ce na baya sun fi, wannan dariyar ba ta da gishiri. A zumuntar mata wasu suka ce ba'a yake wa Kirista, wasu suka ce ai gara shi, wa ya taɓa sa Kirsimeti a littafin Hausa da shinkafarta da waƙoƙinta? Mijinyawa, da tsufansa, ya ce shi dai a nuna masa yaron. Kowa da abin da ya dame shi. Magdalena kuwa ta daina fariya da ɗan nata, abin da ya sa masu sayen masa suka fara tambayar ko ba ta da lafiya.

Kirsimeti ta zo, Mijinyawa ya yanka kamar kullum, Anita matar Godwin ta yi ta fita da kwanuka. Wani gidan aka karɓa da shewa: "Ta Mama Marta! Wannan da ranta aka same ta?" Wani gidan aka ce an gode, amma yau cikin maigida ba daɗi, aka dawo da kwanon ko murfi ba a ɗaga ba. Cikin masu gidan unguwar ya lalace da yawa a ranar. Magdalena ta jera kwanukan da suka dawo a kan tabarma, ta ce ba komai, na Huraira dai bai dawo ba.

Tana wanke tukunya a gindin katanga sai ta ji muryar Huraira daga can, ƙasa-ƙasa, ta tare Mijinyawa da ya zo wucewa.

"Malam Mijinyawa, don Allah ba don komai ba. Kai ka yanka?"

"Hajiya, shekara nawa ina yankawa?"

"Na sani, na sani. Yara ne suka dame ni."

Magdalena ta tsaya da soso a hannu. Huraira fa, matar da ta riƙe mata Godwin ranar da aka binne Siman. Ba ta ga laifin Huraira ba, ko da yake ta so ta gani. Da ɗan gari akan ci gari, wanda ya zauna a gindin tandarta ne ya rubuta, wa zai ce bai sani ba?

Da la'asar sai ga mota a ƙofar gida. Taufiq ya fito, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace, da buhun shinkafa da littafi a leda mai ƙyalli. Ya durƙusa.

"Mama, barka da Kirsimeti. Kin ga na sa ki a littafi?"

"Na gani. Wa ya haƙa ramin, Taufiq?"

Ya yi 'yar dariya. "Ni ne mana. Amma Mama, in an binne akuya ai labari ya mutu. Dole a ƙara gishiri. Ƙirƙira ce, kowa ya sani. Ai na canza sunan."

"Ka canza suna ka bar ƙofar gida."

"Wallahi don ƙauna na yi. Yanzu har Kano an san ki, har Yamai ana dariyar Mama Marta."

"Kano nake kai shinkafa?" Ta nuna tabarma. "Ga masu karatunka nan, ƙirga su. Halin kaza ne da kai, ci ka goge baki. Ita kaza ma a ƙasa take gogewa, kai a zanena ka goge."

Ya ce zai yi bayani a intanet, zai sa gyara a bugu na gaba, zai ma sadaukar mata da littafi mai zuwa. Magdalena ta bar shi ya gama. Ta ɗauko babban tire, ta jera kwanukan nan a kai, ta sa cokali ɗaya a gefe. Ta ce kowane gida zai yi sallama, ya faɗi wanda ya haƙa rami, ya buɗe kwano ya ci tsoka a gaban mai gidan, sannan ya miƙa. A fara da gidan Hajiya Huraira, ko da nata bai dawo ba.

"Mama, ni? Da wannan shaddar? Mutane za su ɗauke ni a waya!"

"Da hannu ka rubuta, ɗana, da ƙafa za ka goge. Ɗauki tiren."