Gwiwar da Likita Bukar Bai Duba Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka tare motar Likita Bukar a hanyar shigowa gari, aka harbe shi. Abokina ne tun muna firamare. A da, in yaro ya faɗi a filin ƙwallon unguwar Bulumkutu, gidansa ake fara nufa. Yau filin yana nan, yaran sun ƙaru, gidan kuwa a kulle.

Na zauna a Khartum da Njamena, na ga likitocin ƙashi iri-iri, amma ban ga wanda ya tsani kalmar targaɗe kamar Bukar ba. Yakan ce a gwiwar yaro mai tasowa akwai guringuntsi a bakin ƙashi, daga nan ƙafa take ƙara tsawo, kuma wurin ya fi jijiya rauni. Faɗuwar da za ta ba wa babba targaɗe, ɗan shekara sha huɗu karaya take ba shi, wani lokaci hoto ma ba ya nuna ta. Shi ya sa yake danna wurin da yatsa, ya sa a ɗauki hoton gwiwa biyu ya gwada. Nakan tsokane shi, "Likita, mai lafiyar me ta yi maka?" Sai ya ce, "Alhaji, ita ce shaidata."

Shekara biyu bayan rasuwarsa aka taɗe jikana Mustafa a wasan unguwa, gwiwarsa ta hagu ta kumbura. Lokacin likitoci da yawa sun bar gari, asibiti cike da waɗanda bam da harsashi suka ji wa rauni. Ma'aikacin da ya duba mu ya ɗauki hoton gwiwa ɗaya, ya ɗaga shi a taga, ya ce babu karaya. Na kalli mutanen da ke kwance a baranda, na ji kunyar yin gardama a kan ƙafar ɗan ƙwallo. Maganar Bukar tana bakina, na haɗiye ta.

Muka kai shi wurin maɗori a unguwar Galtimari, aka ja, aka gasa da ruwan zafi. Bayan mako uku ya ce, "Kaka, na warke, ranar Asabar muna da wasa." Na ƙyale shi.

Ƙafar dama ta ci gaba da tsawo, ta hagu ta karkace ta tsaya. Da hanya ta yi dama muka je Kano, likita ya ce wurin da ƙafar take ƙara tsawo ya riga ya toshe. Da an sa filasta an hana shi takawa, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Da Bukar zai dawo, zai ga likitoci sun dawo, na'urori sun ƙaru. Ba su zai fara tambaya ba. Ni zai tambaya hoto nawa aka ɗauka, don ni ne na sani.

Yanzu ko ɗan wa ya faɗi a filin, nakan bi shi har gida in faɗa wa ubansa a ɗauki hoton gwiwa biyu. Abin da ya rage na Bukar ke nan. Mustafa tela ne, takalminsa na hagu ya fi na dama tudu, kuma tun dawowarmu daga Kano bai sake taka ƙwallo ba.